Kwale-kwalen Da Ya Ƙi Ɗaguwa A Cheras

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, na Sri Petaling ina jiran shayi, sai na ji wani yaro a teburin bayana yana gaya wa abokansa cewa in ya gama digiri kargo zai shiga.

"Ai babu komai a ciki," in ji shi. "Waya ce kawai. Ka karɓi kaya, ka tura wa ejan, ka ci ribarka. Very simple lah."

Ban juya ba. Na sha shayina, na koma gida, na ce a ba ni takarda da biro. Tunda ku yaran yanzu ba kwa sauraron magana sai rubutacciya, ga ta nan a rubuce. Zan bi ta daki-daki, kuma kada wanda ya tsallake ya leƙa ƙarshe.

Sunana Idi, amma daga Cheras har Bukit Jalil Baba Kwantena ake ce mini. Karatuna bai wuce firamare ba. Sana'ata ita ce in tara kayan mutane a nan Kuala Lumpur, in cika kwantena, in sa ta a jirgin ruwa daga Port Klang zuwa Legas, daga can mota ta haura da kayan arewa. A baki gajeriyar magana ce.

A Kano na fara, ina ɗan lodi a wurin wani dattijo mai sayen amfanin gona yana aikawa kudu. Shi ya koya mini cewa buhu ba ya hawa mota sai ya fara hawa sikeli, ko da na surukinka ne. Da ƙarfinsa ya ƙare ya bar kasuwa, sai ya ba ni sikelinsa: na ƙarfe ne, mai faranti biyu, da duwatsun awo na baƙin ƙarfe, kowanne da nauyinsa a rubuce a jikinsa. Da na zauna a Malesiya na sa aka aiko mini da shi. Ba na aiki da shi, don a nan na lantarki ake amfani da shi. Na ajiye shi a falo, dab da ƙofar kicin, inda duk baƙon da ya shigo zai gan shi ya san gidan wa ya shigo. Maiɗakina, Hajiya Binta, ta yi shekaru tana tuntuɓe da shi. Ku riƙe maganar sikelin nan, za mu dawo kanta.

Aikina na farko a Klang shi ne a kulle ni. An haɗa ni da wani tsoho ɗan asalin Caina, mai sito da lasisin fitar da kaya, ana ce masa Tauke Lim. Tauke shi ne maigida a bakin mutanen nan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini wata kwantena da babu komai a ciki, ya ce in shiga. Ina shiga ya ja ƙofa ya saka sakata. Duhu, zafi, warin ƙarfe. Na ce shi ke nan, an sayar da ni, yanzu za a ɗora ni a jirgi. Na yi ta dukan ƙofa ina salati da ƙarfi. Da ya buɗe sai ya tambaye ni:

"Ka ga haske?"

Na ce, "Wane haske? Lahira na gani."

Ya sake rufe ni. A karo na biyun na tsaya na ɗaga kai, sai ga wani ɗan haske kamar tsinin allura a rufin, can kusurwa. Da na fito na nuna masa wurin, ya ce inda haske ya samu hanya, ruwan sama ma zai samu, kuma kwantena tana yin makonni a kan teku. Ya mayar wa masu kwantenar da abarsu aka kawo wata. Bayan duba haske sai shinshina ƙasa. Ka durƙusa ka sa hanci a katakon, don in fata ko maganin ƙwari aka ɗauka a baya, atamfar mutane za ta isa Kano da warin. Har yau ba na loda kwantenar da ban shiga an kulle ni ba, ban kuma durƙusa na shinshina ba. Wanda yake jin ya fi ƙarfin durƙuso da babbar riga a gaban direbobi, ya nemi wata sana'ar.

Ni baƙo ne a ƙasar nan, ba ni da lasisin kaina. Kusurwa guda Tauke ya ba ni a sitonsa, kuma duk takardar da za ta tafi wurin kamfanin jirgi da sunansa take tafiya. Tun ranar farko ya gindaya mini sharaɗi guda: abin da ke cikin kwantena shi ne a takarda, abin da ke takarda shi ne a cikin kwantena. Ranar da aka samu bambanci, in kwashe igiyoyina in bar masa sito. Bai taɓa maimaita maganar ba, ni ma ban taɓa buƙatar ya maimaita ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Tef na awo, sikeli, igiya, leda ta naɗe kwali, alƙalami mai kauri, da ƙananan buhuna masu tsotse danshi, don kwantena gumi take yi a teku kamar mutum, ya taru a rufi ya ɗigo a kan kaya. Sai hatimin ƙarfe da ake datse ƙofa da shi a ƙarshe. Ina da wani ƙulli nawa na igiya wanda na zo da shi daga Kano, ninki biyu da kunne ɗaya. In na ga ƙullin nan a kan kaya, na san hannuna ne ya rufe su, ba na sake buɗewa.

Lodi kuwa yana da tsari. Da farko mai nauyi, a ƙasa, a baza shi kada ya taru gefe ɗaya. Sannan wanda za a sauke a ƙarshe shi zai fara shiga: na Sakkwato can ciki, na Kano a tsakiya, na Abuja a bakin ƙofa. Sannan sabulu da turare ba sa maƙwabtaka da abinci. Na taɓa ganin wani sabon shiga ya jera katan ɗin madara kusa da sabulun wanka. Mai madarar ya bugo waya daga Zariya ya ce shayinsa yana kumfa a zuciyarsa ko bai yi a kofi ba.

Masu kaya iri-iri ne. Akwai ɗalibin da zai ce maka, "Baba, kayan ba yawa, 'yan littattafai ne," ka je ka tarar har da gado da babur, babur ɗin kuma da mai a tankinsa. Akwai ɗan kasuwar da kwalinsa kullum yake raguwa a bakinsa, ya ƙaru a kan sikeli. Akwai uwar da za ta kira ka daga Katsina washegarin lodi ta ce, "Malam Idi, ya iso kuwa?" Ka ce mata jirgi bai ma tashi ba, ta ce to a gaya wa direban ya yi sauri. Duk waɗannan ana iyawa da su.

Abin da ba a iyawa da shi shi ne sallahu. Mutanenmu ba sa iya ganin abu mai rami zai tafi gida cikinsa wayam. Hankalinsu ba ya kwanciya. Na buɗe firij na tarar da takalma. Na buɗe injin wanki na tarar da gyale da man shafawa. Na taɓa girgiza lasifika na ji cokula suna amsawa. Kuma yawanci ba mai firij ɗin ne ya zuba ba. Maƙwabci ne ya ji za a aika, ya zo da 'yar leda ya ce, "Don Allah a miƙa wa Inna." A gida wannan zumunci ne, kuma wanda aka ba wa sallahu ba ya buɗewa, don amana ce. A bakin teku kuwa sunansa kayan da ba a rubuta ba. Ni tun farko na yanke: ba na karɓar sallahun kowa, har na cikin gidana. Abin da Hajiya za ta aika wa 'yan uwanta, sito ake kai shi, a buɗe, a auna, a rubuta, kamar na kowa. Ta san haka.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce ta bayan korona. An sassauta zaman gida, an koma kasuwa, amma kwantena ta yi ɓatan dabo. In ka samu kwantenar, babu gurbi a jirgi. In an ba ka gurbi, ranar tafiya a ce an ɗage. Kayan mutane suka cika kusurwata har suka fara cin ta Tauke. Ɗaliban da suka gama karatu sun koma gida, kayansu na nan. Waya ta hana ni cin abinci. A tsakiyar wannan hali ne na dawo gida wata rana na ga wurin sikelina fayau, sai shatin ƙafarsa a kan leda.

"Hajiya, ina sikelina?"

"Ni dai ba ya falona," in ji ta, tana tsince shinkafa.

"Ai na ga ba ya falon. Ina ya tafi?"

"Abu mai nauyi irin wannan, Alhaji, ai ba zai yi nisa da ƙafarsa ba. Allah Ya bayyana."

Na zargi masu gyaran famfo. Na zargi mai gadin bene. Na daina gaisawa da wani ɗan Bangaladash mai sayen tsohon ƙarfe. Sikeli dai shiru.

Kafin wannan da 'yan makonni, wani mai suna Malam Nuhu ya zo mini da aiki. Mutumin Yawuri ne, yana digiri na uku a kan sufurin ruwa, a benen da ke kusa da namu yake haya. Mutum ne mai sanyin murya, in zai gaishe ka sai ya rusuna. Shi ya fahimtar da ni dalilin ɓatan kwantena a shekarar nan: ya zana mini a bayan takardar mamak yadda kwantenoni suka maƙale babu kaya a wasu tashoshi, mu kuma nan muna nema. Ni kwantena ɗaya na sani ciki da waje, shi kuma ya san inda sauran suka kwana. Bincikensa a kan tashoshin teku ne da yadda kaya ke isa cikin ƙasa, amma zuciyarsa tana kan tafkin Kainji, inda ya ce kwale-kwalen katako suna kifewa da mutane ranar kasuwa saboda lodin da ya wuce kima, itatuwan da ake sassaƙa su kuma suna ƙarewa. Ya samu masu ƙera ƙananan jiragen masunta a bakin teku, suka yi masa ɗaya na roba mai ƙarfi, marar nauyi. Yana so ya kai shi gida a gwada, masu sassaƙa su gani.

Na je na auna tsawo da faɗi. Mutum huɗu suka ɗaga shi cak suka ɗora a sikeli, na rubuta nauyi. Sito babu wuri, don haka muka ajiye shi a wurin ajiye motoci na ƙasan benensu a Cheras. Na lulluɓe shi da tamfol, na ɗaure da igiya, na yi ƙullina. Ya zauna a nan yana jiran jirgi, a inda duk Bahaushen da ke benayen nan yake wucewa safe da yamma.

Da ƙyar Tauke ya samo mana gurbi guda. Ya aika wa kamfanin jirgi takarda da jerin kaya da nauyinsu, har da na kwale-kwale. Ku gane wannan da kyau: a ƙofar tasha akwai sikelin da mota ke hawa gaba ɗayanta. In nauyi ya saɓa da takarda, a gefe za a ajiye kwantenarka a bincika, jirgi ya yi tafiyarsa, sunan mai lasisi kuma ya ɓaci a wurin kamfani. A shekarar da ake rububin gurbi, wanda sunansa ya ɓaci ya gama.

Ranar Asabar da safe muka zo da ƙaramar mota ɗaukar kwale-kwale zuwa sito. Tauke da kansa ya biyo mu, wai bai taɓa ganin an sa jirgi a cikin jirgi ba. Na duba tamfol, na duba igiya, ƙullina yana nan, ninki biyu da kunne ɗaya. Na ce wa 'yan lodi bismilla. Mutum huɗu suka kama. Kwale-kwale bai motsa ba. Na ce ba su karya kumallo ba ne. Direba ya sa hannu, ni ma na naɗe riga na kama. Muka yi nishi gaba ɗaya, ya ɗan ɗaga hanci kamar zai gaishe mu, ya koma ya zauna.

Tauke ya zaro tabarau ya saka. Ni kuma na juya wurin Malam Nuhu, na tarar yana karanta wani rubutu a bango da ba shi da alaƙa da shi.

"Malam Nuhu."

"Na'am, Baba."

"Kwale-kwalen nan ya ci wani abu ne?"

"Baba, 'yan saƙonni ne. Ba su da yawa."

Na kwance igiya na yaye tamfol. Daga hanci har wutsiya a cike yake dam, an jera, an danna, an cusa ƙanana a tsakanin manya. Ledoji, kwalaye, jakunkuna, ƙunshin zani. A jikin wani an rubuta, "A ba Inna, gidan bayan masallaci." Ba a faɗi garin ba.

"Kai da kake bincike a kan lodin da ya wuce kima?"

"Babi guda na rubuta a kai, Baba," in ji shi. "Amma a cikin babin babu wanda ya dafa kafaɗata ya ce mini ɗana."

Tauke ya taka ya leƙa. Ya ce, "Idi, wannan tak boleh." Wato ba zai yiwu ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a zubar da komai a nan, kwale-kwale ya tafi yadda aka rubuta shi. Ko a buɗe kowane ƙunshi a gabansa, a gani, a auna, a rubuta, ya kira ofis a gyara takarda kafin babbar mota ta bar sito da la'asar. Ƙunshi ɗaya ya shiga a rufe, ni da shi mun rabu.

Kafin ya rufe baki labari ya hau bene. Asabar ce, kowa yana gida. Suka fara saukowa, wasu da silifas, wasu da kofin shayi. A gaba akwai Hajiya Ladi mai tuwo, wadda duk sabon ɗalibin da ya sauka a garin nan a wurinta yake fara cin abinci, kuma ita ke gaya masa wanda zai ba wa kayansa. Bayanta ga Liman, wanda ke ja mana salla a ɗakin da muke taruwa. Na dube su, na ga ba taron masu sallahu ba ne kawai, kasuwata ce gaba ɗaya ta sauko da silifas.

Na yi musu bayani a tsare. Na ce hanya ta farko, kowa ya ɗauki nasa.

"A ɗauka a kai ina?" in ji Hajiya Ladi. "Na riga na gaya wa mutanen gida yana hanya. Yaron nan ya karɓa ya ce to. Kai ne za ka mayar da shi maƙaryaci? Wurin da ya biya ne, cikin jirginsa ne. Kai me ya ci maka?"

Na ce to hanya ta biyu, a buɗe.

Liman ya gyara murya. "Alhaji Idi, sallahu amana ce. Ba a buɗe amana a bainar jama'a."

"Allah gafarta Malam, a tasha ma buɗewa za su yi, kuma su ba sa sallama."

"Wannan su ne. Mu ba ma yi."

Aka tsaya cirko-cirko. In na zubar, na rabu da masu kaya. In na rufe, na rabu da Tauke. Rana tana hawa, direba yana duba agogo yana tambaya ko ya je ya yi makan, wato ya ci abinci, ya dawo. Na ce a fito da komai a jera a ƙasa tukuna, manya a dama, ƙanana a hagu, ko ba komai a ga yawan bala'in. Ana cikin fitarwa sai 'yan lodi biyu suka ciccibo wani kwali daga can ƙasan tsakiya, inda ya kamata mai nauyi ya zauna. An naɗe shi da leda yadda ya dace, an sa masa kwali a kusurwoyi, an ɗaure da igiya. Ninki biyu da kunne ɗaya.

A duniyar nan mutum ɗaya ne ya zauna kusa da ni shekara da shekaru yana kallon ina wannan ƙullin. Na ɗaga kai, ga ta can bayan mata, da mayafinta, tana kallon silin.

"Malam Nuhu, wannan na wa ne?"

"Na Hajiyarka ne, Baba. Ta ce kayan ƙarfe ne na gida. Ita ce ma ta mayar mana da ɗaurin tamfol ɗin, ta ce kada ka ga an ɓata maka aiki."

Na ce, "Jama'a, kun ce ba a buɗe amana. To ga na gidana. Da shi za a fara. Hajiya, kin yarda?"

"Buɗe mana, Alhaji," in ji ta. "Ai ka san shi."

Na yanke leda, na buɗe kwali. Faranti biyu, a goge tas. Duwatsun awo, kowanne an naɗe shi da tsohuwar jarida kada ya ƙwarzani ɗan'uwansa. A jikin kwalin, wurin da ake rubuta sunan mai karɓa, ta rubuta da alƙalamina mai kauri: "A ba duk mai so."

Hajiya Ladi ce ta fara. Ta yi dariya har ta zauna a kan bokitin wani. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Mai gadin benenmu, wanda na yi makonni ina harara, ya zo ya leƙa, ya dube ni, ya koma wurinsa. Tauke ya ɗauki dutse ɗaya ya juya shi, ya ce wannan ne kaya na farko a rayuwarsa da ya zo da nauyinsa a rubuce a jikinsa.

Na sunkuya zan ɗauke abina in kai gefe. Hajiya Ladi ta ɗaga hannu.

"A'a, Baba Kwantena. Ina za ka kai shi?"

"Nawa ne."

"Wa ya kawo shi jirgi?"

"Hajiya."

"To kai ba kai ne kake ce mana kaya na wanda ya kawo ne har su isa hannun mai karɓa ba? In ejan zai buɗe ya zaɓi wanda ya yi masa ya ɗauke, wa zai yarda a buɗe nasa? In wannan ya tafi, a buɗe nawa yanzu. In ya tsaya, kowa nasa a rufe."

Na dubi Liman ko zai kawo wani hukunci. Ya ce, "Maganarta tana kan hanya." Na dubi Tauke, ya nuna mini agogo. Na dubi maiɗakina.

"Babban yatsana na dama, Alhaji," in ji ta, "farcensa na uku ke nan, saboda tuntuɓe da abin nan."

Na mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora kwalin a sikelin lantarki, na faɗi nauyi da ƙarfi, Tauke ya rubuta. Na ɗaure, na yi ƙulli. Sannan na ce, "Na gaba."

Daga nan aiki ya tafi yadda aiki ke tafiya. Layi ɗaya, mai kaya ya tsaya a kan kayansa, ya buɗe da hannunsa, ya faɗi gari da unguwa da lambar waya. Na Hajiya Ladi turmin dutse ne irin na mutanen nan, da robar duriyan da aka niƙa, wannan ɗan itacen mai warin da ake hana shiga jirgin ƙasa da shi. Turmi ya wuce, duriyan ya tsaya. Ta yi rantsuwa an rufe shi da kyau, na ce ta tambayi hancin direba. Wani ɗalibi ya zuba ƙarafan motsa jiki, wai ƙaninsa yana son ƙirji. Wani batirin mota, aka fitar. Da aka zo kan na Liman, ya ce littattafai ne. Littattafan suna nan a sama, guda biyu. A ƙarƙashinsu kwalaye ne na baƙin rinin gashi.

"Na yayana ne," in ji shi.

Kowa dai ya kalli gemun Liman, baƙi wuluk, sannan ya kalli ƙasa.

Muka gama, Tauke ya kira ofis aka gyara takarda, muka kai sito muka loda. Kwale-kwale can ciki, saƙonni a cikinsa, kowanne da suna a jiki da kuma a takarda. Na datse hatimi da hannuna. Mota ta hau sikelin tasha ta sauka, aka ɗaga mata ƙarfe ta shige. A hanyar dawowa Tauke ya tsaya a wani kedai, shagon abinci, ya yi mini tapau, wato ƙunshin shinkafa na tafiya gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce gobe in zo da wuri, kuma in yana da aiki mai wuyar ɗauri zai aiko wa matata.

Bayan wata da watanni Malam Nuhu ya turo mini hotuna daga Yawuri. Ga kwale-kwale a kan ruwa, an ja masa jan layi a jiki, wanda in ruwa ya taɓa shi ba a ƙara ko kaza. Ya ce da ya raba saƙonni kowa ya karɓi nasa, sai kwali ɗaya da ya rasa mai shi, don haka ya bi abin da aka rubuta. A hoto na biyu ga sikelina a bakin tafki, a ƙarƙashin rumfa, ana auna buhun busasshen kifi kafin a sa a jirgi. Wani tsoho yana riƙe da dutsen awo, ya ɗora shi a farantin da bai kamata a fara ɗorawa ba. Na kira na gyara musu.

To, kai mai cewa waya ce kawai, ga tsarin. Ka shiga a kulle ka. Ka durƙusa ka shinshina. Ka auna, ka rubuta, ka ɗaure. Ranar lodi ka sake ɗaga duk abin da ka taɓa ɗagawa, ko da ƙullinka ne a kai. Duk abin da ke da rami ka leƙa ramin. Ni kuma na ƙara wa kaina mataki ɗaya da babu shi a koyarwar Tauke: kafin in fita, nakan tsaya a tsakiyar falo in duba abin da babu.

Tun shekaranjiya ban ga tsohuwar rediyona ba. Ranar Asabar ina da injin wanki guda biyu da zan loda, na maƙwabta, kuma duka za a buɗe su.